Ta'aziyyar Inna Kulu Tun Tana Cin Goro

Duk wanda ya ce muku ni Mode na Kagara ba ni da basira, ku tambaye shi ko ya taɓa zuwa Jos. Ni na je. Ba da son raina ba dai, diban gwamna ne ya haɗa da ni a shekarun babban yaƙin Nasara, aka tasa ƙeyarmu haƙar kuza, na yi ta ɗaukar ƙasa a kwanon sarki har tsakiyar kaina ta daina fitar da gashi. Da na dawo gida ban ga amfanin ba mutane labarin kwano ba. Na ce shugaban lebura nake a can, kuma tun da babu ɗan Kagara da ya gan ni, shugaban lebura na zama.

Abu biyu na dawo da su. Na farko usur na busawa, wanda na tsinta a bakin rami na ɓoye shi a lalitata ban nuna wa kowa ba. Na biyu wani ilimi da ya cika mini ciki har ba na iya barcin rana sai na amayar da shi. A gindin gawon dandali na fara zazzage shi.

Na ce, "Kun san mi yas sa Nasara sunka ci ƙasag ga?"

Lauwali makaɗin noma, wanda taubashina ne kuma bai taɓa barin maganata ta sauka lafiya ba, ya ce, "Bindiga."

"Ba bindiga ba ta. Ba su gaisuwa! Baturenmu in ya hito da sahe ba shi tambayar gajiyar kowa, yatsa guda shika ɗagawa, aiki ya kama. Mu ko? Mutum ya saɓo hauya za shi gona, ya gamu da wani. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ɗiya, ina ruwa, ina jaki. Kahin a kai ga jaki rana ta take tsaka, haki ya yi jikoki."

Lauwali ya ce, "To kai da kag gano wanga sirri, mi kat tara?"

Wani daga baya ya ce, "Sanƙo."

Aka yi ta dariya. Ban kula ba, na san haka ake yi wa masu hangen nesa.

A lokacin kuwa akwai abin da ya fi ilimin nan ci mini rai, wato Safara'u, wata bazawara ta Boyekai mai sayar da fura a kasuwar Goronyo. Ina son matar nan, ba wasa. In ta yi dariya sai in manta da ludayi a baki. Matsalar ba ni kaɗai ba ne. Akwai Abdulƙadiri mai albasa daga Wurno, wani mutum mai sanyin jiki wanda in ya tsuguna gaisuwa kaza za ta iya yin ƙwai ta ƙyanƙyashe bai kai ga ina gida ba. Mahaifinta, Baba Ƙasimu, ya rasa wanda zai zaɓa, ga gonarsa ta gero ciyawar harƙiya ta shaƙe ta. Sai ya ce tun da ni na fara magana, in kai masa gayya kamar yadda kowane mai neman aure yake yi, in tara samari a nome gonar a ga irin mutanen da nake da su.

Da na yi godiya na tashi, da yanzu wani labarin ake. Amma baki shi ke yanka wuya.

Na ce, "Baba, gayya irin ta mutanenmu wuni guda taka ci. Tawa ta zamani ta. In ladan ya kira azahar akwai sauran haki tsaye gonag ga, a ba Abdulƙadiri."

Baba Ƙasimu ya dube ni, ya dubi dattawan da ke zaure, ya ce, "Kun dai ji da kunnenku."

Suka ce sun ji.

A hanyar komawa Kagara dabarar ta faɗo mini, har na tsaya na yi wa kaina kirari. Ba za a iya hana mutanenmu gaisuwa ba, gara ka hana su tuwo. To me zai hana a yi ta tun gaba? In zaga in gaishe da kowa gaisuwar damina duka a zama guda, har da barka da jaje na abin da bai riga ya faru ba, tun da su ne ke ɗauke mutane daga gona. Ranar gayya kowa ya zo ya duƙa kawai. Kuma don kada amsa ta ci mini lokaci, duk wanda na gaisar in ce ya ajiye amsarsa sai ranar da aka samu sarari.

Da maƙwabcina Alhaji na fara, dattijon da ya je Makka a ƙasa ya dawo. Na tsuguna na zuba masa ina kwana ta yau, da ta gobe, da ta jibi, har zuwa kaka, na haɗa masa da barka da shan ruwa na azumin da ba a ko ga watansa ba. Ya buɗe baki zai ce lafiya lau, na ɗaga hannu.

"Kak ka amsa, Baba Alhaji. Aje amsa, na karɓa wata rana."

Na bar shi da baki buɗe, tazbaha na reto.

Daga nan na faɗa gidan Laraba, wadda cikinta ya tsufa. Na tsaya bakin zana na ɗaga murya.

"Barka da sauka lahiya, Laraba! In namiji na, Allah shi raya. In mace ta, Allah shi raya. In tagwaye na, Allah shi ba da abin ciyarwa. In kuma abin ya zo da gardama..."

Ban ƙarasa ba muciya ta wuce ta gefen kunnena. Uwar mijinta ce, tana cewa, "Bakinka ya sari ɗanyen kashi, ɗan banza!" Na ce ta ajiye wannan ma. Na lura tsofaffin mata ba su cika gane tsari da wuri ba.

Kafin rana ta faɗi na yi wa maƙeri jajen ƙunar da bai yi ba, na yi wa mai rini jajen faɗawa marina, na yi wa wani jajen ɓatan jakinsa alhali jakin na tsaye yana kallona. Abin takaici, washegari jakin ya tsinke igiya ya ɓata. Nan fa gari ya ɗauka cewa bakin Mode ba ya faɗuwa ƙasa. In na doso, mata su kwashe yara, maza su shige masallaci ko ba lokacin salla ba. Ni kuwa na ce madalla, ga shi tun yanzu an daina tsayar da ni a hanya, tsari ya fara aiki.

Ina da dangi a hayin Rima da nake son su zo gayyar, sai na shiga jirgin fito. Muna tsakiyar gulbi na ga zama kawai muke yi, lokaci na tafiya a banza. Na juya wurin mai jirgi.

"Sarkin ruwa, sannu da aiki. Sannu kuma da kihewar jirgi, in ta zaka. Allah shi sa iyakar wahala ke nan, Allah shi jiƙan waɗanda ba su iya iyo."

Wata mata ta rungume tulunta ta fara salati. Mai jirgi ya tuƙa har inda ruwa ya dawo iya ƙugu, ya sa gora ya ture ni.

"Tahi ka yi ma kihi tasu," in ji shi.

Na fito jiƙe sharkaf da laka har gemu, amma ban manta na ɗaga murya na ce ya ajiye amsa ba.

Saura gida guda, gidan Baba Ƙasimu kansa. Nan ne na yi tunanin da har yau nake ganin babu wanda ya kai shi zurfi a ƙasar Goronyo. Baba Ƙasimu yana da uwa, Inna Kulu, tsohuwar da ba wanda ya san shekarunta. Ungozoma ce, rabin mutanen Rabah da Wurno ita ta yanke musu cibiya. Haƙoranta sun ƙare, sai an goga mata goro a magogi take ci, amma harshenta ko kaifi bai rage ba. Na ce a raina, tsohuwar nan in ta tashi tafiya ba shawara za ta yi da kowa ba. In ta faɗo ranar gayyata fa? Rigakafi ya fi magani.

Na sa rigata mai kyau, na yi sallama a zaure, na zauna na sunkuyar da kai na ɓata fuska.

"Baba, ya haƙuri? Ashe Inna lokaci ya yi. Allah shi jiƙanta, Allah shi sa ta huta, Allah shi ba mu haƙurin rashi."

Na ɗaga hannu na shafa Fatiha. A bakin ƙofa akwai wani mai tallan gishiri ɗan Rabah yana ba jakinsa ruwa. Na ga ya shafa tare da ni, ya ɗaure kayansa da sauri ya kama hanya. Na ce ka ga mutum mai kiyaye lokaci.

Baba Ƙasimu ya zaro mini ido. Sai wata murya ta fito daga bayan zana.

"Wa yam mutu?"

Na ce, "Ke ta, Inna. Amma ba yanzu ba. Rage aiki nika yi."

Baba Ƙasimu ya miƙe ya rarumi sanda. Tsohuwa ta leƙo, bakinta ja wur da goro, ta ce, "Aje sandag ga, Ƙasimu. Yaro ya zaka da abin arziki." Ta ƙare mini kallo tun daga sanƙo har ƙafa. "An ce kana cewa a aje amsa ko?"

"Awo, Inna."

"To mun aje. Ba ta ɓacewa."

Na fito ina jin daɗi. Na ce ashe duk garin nan tsohuwa ce kaɗai ta fahimce ni.

Ranar gayya ta zo. Na sayar da tunkiyata na sa an tuƙa tuwo, an dama fura ƙwarya-ƙwarya, ga goro. Samari suka zo daga Kagara da Boyekai da Shinaka, wasu don tuwo, wasu don su ga ƙarshen mahaukaci. Har dattawan Kagara suka biyo su kallo. Na tsaya a kan kunya na ɗaga yatsa guda irin na Bature. Lauwali ya saki ganga, aka duƙa. Jama'a, ku zo ku ga aiki! Ba ina kwana, ba ina gajiya, sai ƙarar hauya. Kafin hantsi an ci kusan rabin gona. Na hango Abdulƙadiri a gindin tsamiyar bakin gona ya tsuguna gaban Baba Ƙasimu yana jan gaisuwarsa, na ji tausayinsa ya kama ni. Har na fara tunanin launin zanen da zan saya wa Safara'u.

Sai muka ji kuka daga hanyar Rabah.

Ayari ne guda, jakuna da mutane, maza a gaba da carbi, mata a baya suna rusa kuka suna kiran sunan Inna Kulu. Mai gishiri ya kai labari Rabah, Rabah ta aika Wurno, duk wanda tsohuwa ta yanke wa cibiya ya baro gonarsa ya taho. Hanyar gidan kuwa ta gefen gonar ta bi. Wani dattijo a kan jaki ya ja linzami, ya dube mu.

"Kiɗi? Kiɗi kuka yi, Inna na kwance? Wane marar kunya na da wagga gayya?"

Hannuwa suka nuno ni ta kowane gefe. Lauwali ya saki makaɗi, ya ɓoye ganga a bayansa kamar ba tasa ba.

Ina cikin rantsuwa cewa kuskure ne, sai ga mamaciyar da kanta a kan jaki, Safara'u na jan akala, tana tafe tana mamular goro. Matan Rabah suka kwarma ihu, wasu suka zube, wata ta haye tsamiya da goyo a bayanta. Sai da Inna Kulu ta zagi biyu daga cikinsu da sunan iyayensu kafin aka yarda ita ce.

Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Ta ce baƙi sun sha hanya saboda ita, ba za su koma da yunwa ba. Ina ji ina gani aka sauke tuwon gayyata da furata gaban mutanen Rabah da Wurno, suna ci suna yi wa tsohuwa barka da dawowa. Tunkiyata ke nan ta tafi.

Na matsa na ce, "Inna, a yi haƙuri a bar samari su koma aiki, rana na yi."

Ta ce, "Aiki na nan. Amma yau ga jama'a ta taru, ga sarari ya samu. Yaron ga ya ba mutane ajiya, kuma ni ban san ranar tahiyata ba, kai kas sani. Ba ni mutuwa da kayan wani. Kowa ya zaka ya maida mai abinai. Tsuguna, Mode."

Wa ya isa ya ƙi tsugunawa gaban kakar matar da yake nema? Na tsuguna.

Baba Alhaji ya fara. Ya gyara zama ya ce lafiya lau ta ran nan, lafiya lau ta washegari, lafiya lau ta jibinta, yana ja yana jan carbi kada ya tsallake ko guda. Kuma kun san amsa ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta jawo tambaya. Kowace lafiya lau sai ya ce, "Kai fa, ina taka gajiya?" ni kuma dole in ce babu gajiya, alhali gwiwoyina sun fara kuka. Bayansa mijin Laraba, wadda ta sauka lafiya ta sami mace. Ya amsa barkar mace, sannan ya ce ta namiji da ta tagwaye ba su yi amfani ba, ga su nan ya dawo mini da su, sai da ya maimaita su tsaf. Maƙeri ya zo. Mai rini ya zo. Mai jaki ya amsa jajensa, ya ce saura in gaya masa inda jakin yake tun da ni na aike shi. Har mai jirgi ashe yana cikin ayarin Wurno, ya tsaya a kaina ya ce jirgi bai kife ba tukuna, amma ya amsa, kuma yana gaishe da kifi.

Samarin gayya fa? Ai su ma duk na gaishe su tun gaba. Suka jingine hauya suka shiga layi, suna ƙunshe dariya.

Ina tsugune ina kallon inuwar tsamiya tana tsukewa tana komawa gindinta. Zufa ta cika mini ido. Ga rabin gona tsaye, harƙiya na kaɗa kai kamar da gayya. Na ji Safara'u na zame mini, tsoro ya kama ni sosai. Sai na tuna da makamin da na ɓoye. A Jos in aka busa usur ko mai zazzaɓi sai ya miƙe ya kama aiki. Na laluba lalita, na zabura na miƙe, na cika kumatu na busa da duk ƙarfina.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a shekarun nan usur a ƙauye ma'anarsa guda ce.

Wani ya ce, "Diban gwamna!"

Kafin ka ce kwabo babu saurayi ko ɗaya a tsaye. Suka bazama ta cikin gero, suna tattake wanda aka nome da wanda ba a nome ba. Jakunan Rabah suka tsinke suka bi su. Lauwali ya wuce ni da ganga a ka yana cewa shi gurgu ne. Matar kan tsamiya da ta fara saukowa ta koma sama. Ni kaina sai da na yi 'yan taku da gudu kafin na tuna a bakina abin yake.

Ƙura ta lafa. Sai muryar ladan ta taso daga Boyekai, tas, kamar a kunnena yake kira.

Baba Ƙasimu ya dubi gonarsa, wadda yanzu ba a gane gero ba a gane haki. Ya juya wurin Abdulƙadiri, wanda duk wannan hargitsi bai tashi daga tsugunensa ba, ya ce, "Ina muka tsaya, ɗana?"

Abdulƙadiri ya ce, "Kan ina gajiya, Baba."

"To ci gaba."

Sai Safara'u ta taho da 'yar furar da ta rage a gindin ƙwarya. Ta durƙusa a gabana da ladabi, irin durƙuson da na daɗe ina mafarki, ta ajiye ƙwaryar. Jama'a suka matso.

Ta ce, "Mode, na ga dabararka, kuma ta yi man. Bari in rage muna aiki. Barka da angonci. Barka da suna. Sannu da haƙurin zama da ni, don ina da hwaɗa. Sannu da yaji na hwarko, sannu da biko. Sannu da rabuwa, Allah shi haɗa kowa da rabonai." Ta miƙe ta kakkaɓe zane. "Ka ga mun yi aure mun gama, ko azahar ba a sallame ba."

Na buɗe baki.

Ta ɗaga yatsa guda. "Kak ka amsa. Aje."

Dariyar da aka yi ran nan, an ce har masu jirgi a Rima sun ji. Bayan kaka aka ɗaura mata aure da Abdulƙadiri. An ce sai da aka tsayar da shi da ƙarfi a wurin ɗaurin auren, don ya fara gaishe da liman.

Har gobe ina nan kan bakana cewa dabarar ba ta da laifi, mutane ne ba su kai gare ta ba. Inna Kulu kuwa ta ƙi mutuwa. Ta ga tafiyar Baba Alhaji, ta ga ta maƙeri, ta yanke cibiyar 'ya'yan Safara'u har uku. Duk inda ta hango ni a kasuwar Goronyo sai ta ɗaga murya ta ce, "Mode, in shirya ko da saura?"

Da ta tashi rasuwa da gaske, cikin wata damina ce, ana tsakiyar noma. Na ji zafin rasuwar fiye da yadda na zata. Na ajiye hauya, na yi wanka, na taka har Boyekai, na shiga zaure cike da mutane, na nemi gefe na tsuguna. Wannan karon a hankali na so in yi ta, in ja ta yadda ake ja, in zauna har la'asar.

Na ce, "Baba, ya haƙuri..."

Baba Ƙasimu ya ɗago jajayen idanunsa, ya dube ni.

"Taka ta iso tuntuni, Mode, mai ita ma ta ji da kunnenta. Tashi ka koma gona, kar rana ta yi ma."